Gidan kallon ƙwallon unguwarmu: ka biya 300 ka zauna ka zagi mai ɗaukar miliyan 600 a sati

Wani abokina da ya tare a unguwarmu nan Kano kwanan nan ya tambaye ni wai ina ne ya fi daɗin kallon ƙwallo a nan kusa, na ce masa bari kawai in rubuta gaba ɗaya kowa ya gani, don ba shi kaɗai ke tambaya ba. Shekara ta uku kenan ina zuwa gidan kallon nan, ba zan kama sunansa ba saboda akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda mai gidan ba zai ji daɗinsu ba, kuma mutumin kirki ne wallahi, in ka zo babu canji cewa yake shiga ka kawo gobe. 'Yan unguwa dai sun san inda nake nufi.

Farko dai wurin. Rumfar kwano ce doguwa an zagaye ta da langa-langa da katako, ƙofa ɗaya gaba, ƙaramar ƙofa ɗaya baya wadda kullum a kulle take. Talabijin uku ne a gaba, biyu manya ɗaya ƙarama, sai ya ƙaro na'urar haska bango a tsakiya wadda ake kunnawa in babban wasa ne. Hoton manyan biyun tas yake, ka ga lambar ɗan wasa daga bencin baya, amma ta bangon nan da rana ba ta da amfani, haske na shigowa ta ɓular kwano sai ka ga 'yan wasa kamar aljanu, sai bayan magariba take zama abin kallo. Benci ne na katako ba majingina, layi goma sha wani abu, in wasa ya kai ƙarin lokaci da fenariti za ka tashi bayanka kamar an daka ka a turmi. Layin gaba biyu kujerun roba ne, su 500 ne, mu talakawa na benci 300, ranar Champions League ko wasan Madrid da Barcelona ya kan ƙara ɗari. Ban ga laifinsa ba gaskiya, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda lita ta koma, ga kuɗin biyan tashoshi duk wata, ga inji sai an yi masa sabis.

Injin nasa kuwa shi ne abin yabo na ɗaya. Ana ɗauke wuta yaronsa na tsaye a wurin, ba a minti ɗaya hoto ya dawo. A shekara ukun nan sau biyu kacal na ga inji ya ba mu kunya, ɗaya mai ne ya ƙare ɗaya kuma igiyar ja ce ta tsinke, kuma duk biyun ya mayar wa mutane kuɗinsu ba gardama. Fanka kuma ita ce abin kuka, guda huɗu ne a sama ɗaya ta mutu tun bara ba a gyara ba, ka je wurin a watan Afrilu mutum sama da ɗari a ƙarƙashin kwano, gumi da warin takalmi da hayaƙin inji da iska ke turowa ciki, ka fito rigarka sai ka matse ta.

To amma ni fa ba hoto ko fanka ke kai ni wurin ba. Ina da waya, in data nake so in ƙona zan iya kwanciya a ɗakina in kalla. Abin da kake saya da 300 ɗin nan shi ne bakin mutane. Babu inda za ka ji an yi wa mai kuɗi tatas kamar gidan kallo, kuma wannan gidan ya fi duk waɗanda na sani ƙwararrun masu baki.

Ni ɗan Manchester United ne, in faɗa tun yanzu kafin a ce na ɓoye, kuma kowa ya san abin da muka gani a 'yan shekarun nan. Ranar 5 ga Maris 2023 ina bencin nan Liverpool ta zuba mana 7 ba ko ɗaya a Anfield, sati ɗaya tak bayan mun ɗauki kofin Carabao a hannun Newcastle muna ta cika baki. An tafi hutun rabin lokaci 1-0 ne fa, muna cewa za mu farke, aka dawo aka ƙara mana shida. Daga ta biyar babu ɗan Manchester da ke kallon talabijin, kowa ya juya yana lissafin albashi. Akwai wani tela da ke zama layi na uku, shi aikinsa kenan, da an yi mana ci sai ya fito da waya ya buɗe kalkuleta. Shi ne ya lissafa mana kuɗin Rashford daga baya da ya sabunta kwantiragi, jaridun Ingila sun ce wajen fam dubu 325 yake ɗauka a sati, da fam ta haura naira dubu biyu ya buga ya ɗaga wayar sama ya ce jama'a miliyan ɗari shida da hamsin kenan, a SATI, ba wata ba, mutumin da ke tafiya a fili kamar an aike shi sayen kalanzir. Wani daga baya ya ce to raba mana da dubu saba'in mu ji, wato mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta sa hannu a 2024, ya raba, ya ce ma'aikaci sai ya yi wata dubu tara da ɗoriya kafin ya kama kuɗin satin yaron nan. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci sannan wani dattijo ya ce innalillahi, aka fashe da dariya.

Dattijon nan shi ma sai na yi maganarsa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ya goyon bayan kowa a Turai, shi Pillars kawai ya sani, amma duk Asabar yana kujerar roba ta gefe da carbinsa. Maganarsa ɗaya ce kullum in ɗan wasa ya yi shirme: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma ni a nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Masu cewa wai a daina sukar 'yan wasa su ma mutane ne, to ai mun san mutane ne, amma kuɗin nan da suke ɗauka daga ina yake fitowa? Daga tashoshin da ke sayen izinin nuna wasa, tashoshin kuma daga wurin irin mai gidan kallonmu suke karɓa, shi kuma daga 300 ɗina da ta ɗan adaidaitan da ya ajiye mashin ɗinsa awa biyu ya bar fasinja a titi. Ko ƙwandala ce dai tamu na ciki. In tela ya ɓata maka ɗinkin sallah za ka faɗa masa, to don me wanda aka saya fam miliyan 80 zai ba abokin hamayya ƙwallo a ƙafa a ce in yi shiru.

Fam miliyan 80 ɗin nan Maguire nake nufi, daga Leicester a 2019, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan baya da shi ba a lokacin. A gidan kallon nan sunansa ya zama zagi, yaro ya zubar da shayi sai ka ji an ce kai Magwaya. Ba mu kaɗai ba ne ma, har a majalisar dokokin Gana wani ɗan majalisa Isaac Adongo ya tashi a 2022 ya kwatanta mataimakin shugaban ƙasarsu Bawumia da Maguire wajen tafiyar da tattalin arziki, wai mai cin gidansu, bidiyon ya zagaya duniya, mun kalle shi a wayar tela a hutun rabin lokaci mun yi dariya har da hawaye. Bayan shekara guda mutumin ya sake tashi a majalisa ya nemi afuwar Maguire da ya ga ya gyara wasa. Namu na gidan kallo ba sa neman afuwa, mantawa kawai suke.

Ga misali wanda ba zan manta ba. Daren Alhamis 17 ga Afrilu 2025, wasa na biyu da Lyon a kofin Europa. Satin da ya wuce an yi 2-2 a Faransa kuma duk ƙwallayen biyu hannun Onana ne a ciki, golan da aka kawo daga Inter kusan fam miliyan 47, ga shi kafin wasan Matic, tsohon ɗan wasanmu da ke Lyon a lokacin, ya fito ya ce Onana yana cikin mafi munin gololin da kulob ɗinmu ya taɓa yi, to ka san abin da aka yi masa a rumfar nan, har wani ya ce a mayar da shi Kamaru ya kama kifi tunda ƙwallo ta gagare shi. Daren wasa na biyu zafi kamar me, fanka uku, wuri ya cika har mutane na tsaye a bakin ƙofa. Muka ci biyu kafin hutu, Ugarte da Dalot, muna ta tsalle. Aka dawo suka farke biyu. Aka ba ɗan wasansu Tolisso jan kati, muka ce shikenan, aka shiga ƙarin lokaci mutum goma suka ƙara mana biyu, 4-2. Wallahi abin da na ji a minti biyar ɗin nan ba zai rubutu ba. Wani matashi mai jan riga a gabana ya miƙe tsaye kan benci yana nuna talabijin da yatsa kamar Casemiro na jin sa, yana cewa tsoho ka tafi Saudiyya ka huta, fam dubu ɗari uku da hamsin kake ɗauka a sati kana gudu kamar mai ciwon gwiwa, ɓarayi kawai, ɓarayin zaune. Ya cire rigar ya yar a ƙasa ya fice, mutum wajen ashirin suka bi shi, 'yan Chelsea da Arsenal da suka zo kallon gawa suna musu rakiya da tafi.

Sai aka kayar da Casemiron nan a cikin da'ira, fenariti, Bruno ya ci. Minti na 120 Casemiro ya miƙa wa Mainoo ya farke. Minti ɗaya bayan nan Casemiro dai ya ɗago ta, wa zai sa kai, Maguire. 5-4. Benci biyu suka karye a daren nan, wani ya rungume ni ban san shi ba, shayin wani ya ƙare a wuyana. Sai ga mai jan riga ya dawo da gudu ba riga, ashe yana wurin mai shayi ya ji ihu, yana ta kururuwa wai dama shi ya faɗa Casemiro gogagge ne, irin su ba a raina su, Champions League biyar fa ya ɗauka a Madrid. Dattijo ya dube shi ya ce ɗana ɗauki rigarka ga ta can ana takawa. Bayan wata ɗaya Tottenham ta doke mu 1-0 a wasan ƙarshe a Bilbao, muka ƙare firimiya a na 15, kowa ya koma ɓarawo, kalkuletar tela ta dawo aiki. Da Grimsby 'yan rukuni na huɗu suka fitar da mu a Carabao a watan Agusta da fenariti 12-11 kam tela bai ma fito da waya ba, cewa ya yi batir ɗinsa ya fi ƙarfin wannan.

Irin wannan sukar ni ina son ta, ita ce gishirin wurin. Ka ce ɗan wasa malalaci ne, ka ce an yi asarar kuɗi, ka ce Antony da aka ɗauko daga Ajax sama da fam miliyan 80 juyi kawai ya iya kamar fankar silin, duk daidai ne, shi ma da ya tafi aro Betis ya fara ci ai mun yaba, wasu ma suka koma zagin kocin da shugabannin kulob wai su ne ba su iya riƙon ɗan wasa ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, don wanda ya sa hannu ya biya kuɗin banza shi ba ya shiga fili balle a gan shi a zage shi.

Inda nake da matsala da gidan nan, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba zan kawo ƙanena mai shekara goma sha biyu ba, shi ne mai gidan ba ya tsawatarwa in abin ya wuce gona da iri. Akwai wasu samari da ke zama can baya kusa da ƙofar da ke kulle, su ba kulob suke bi ba, caca suke bugawa a waya, kuma su ne masu zagin uwa da uba. Za ka gane su, ɗan Manchester na gaske in an ci mu shiru yake ko ya yi mita, su kuwa ko wasan wasu ƙananan kulob na Italiya ne a ƙaramar talabijin sai ka ji ashar na tashi saboda ɗan wasa ya ɓarar da fenariti tikiti ya yage. Kuma ba a bakin suke tsayawa ba, na ga ɗaya da idona ya shiga shafin ɗan wasa a Instagram yana rubuta masa zagi da guntun Turancinsa yana nuna wa abokansa suna dariya. Na yi wa mai gidan magana sau biyu, na ce Alhaji yaran nan za su kore maka mutanen kirki, ya ce Malam to ya zan yi, su ne ke zuwa kullum har wasan da ba kowa. Na gane uzurinsa amma ban karɓa ba.

Daren 11 ga Fabrairu 2024 ne abin ya fi muni, wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, Najeriya da Ivory Coast. Troost-Ekong ya ci mana da ka, muna ganin kofi ya zo, Kessie ya farke Haller ya ƙara, 2-1. A nan babu ɗan Chelsea babu ɗan Manchester, kowa bakinsa ɗaya, kuma duk aka taru a kan Iwobi kamar shi kaɗai ya buga. Na yarda bai yi wasan kirki ba a daren, ni ma na faɗa, amma ƙungiyar gaba ɗaya ta koma baya tana tsaron ci ɗaya, wannan tsarin koci ne. Abin da aka yi wa yaron nan a intanet har sai da ya goge hotunansa na Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi mutane su bari. Haka aka yi wa gola Maduka Okoye a 2022 da Tunisiya ta fitar da mu a Garwa da ci ɗaya, har barazana aka yi masa. Kuma abin haushin shi ne 'yan wasan ƙasa ba a nan suke samun manyan kuɗin ba, kulob ɗinsu ke biyansu, na ƙasa alawus ne da sau da yawa sai sun yi rigima kafin a ba su. A daren nan dattijo ne kaɗai ya juya ya ce wa na bayan kai ku ji tsoron Allah, uwarsa ce ta buga muku ƙwallon? Suka yi shiru na minti biyu suka ci gaba. Aikin mai gida ne wannan ba na tsoho mai carbi ba.

Sauran ƙananan abubuwa da sauri. Hoton gidan yana makara da 'yan daƙiƙu, to akwai masu duba sakamako a waya da ke ihu kafin ƙwallo ta shiga, wannan ya kan ɓata min rai fiye da fankar ma, ya kamata a rubuta a allo a hana. Sauti na babbar talabijin ɗaya kawai ake sakawa, in wasanka na ƙaramar ne sai dai ka kalli kurma. Lokacin sallah yana rage murya kuma akwai masallaci a bayan layin da buta da ruwa, in ka fita yaron ƙofa yana gane ka ba sai ka sake biya ba, wasan ƙarfe biyar da rabi ko shida da rabi dai sai ka zaɓi wanda zai riƙe maka wuri don magariba na ratsa shi. Banɗaki babu, sai ka zagaya. Mashin ana ajiyewa a gaba da mai gadi, naira ɗari, ban taɓa jin an sace ba, amma waya kam ka riƙe ta a hannu lokacin murnar ci, an zare wa mutum biyu da na sani a cikin rungume-rungumen nan. Mai shayin bakin ƙofa indomi ɗinsa da ƙwai ba laifi, shayin ne ruwa-ruwa. Mata ba sa zuwa, kuma yadda bakin 'yan baya yake ban ga laifinsu ba.

In maki zan bayar da na ce bakwai cikin goma, sai dai ni da lambar nan ba ma ga maciji tun Anfield, don haka shida da rabi, ya gyara fanka ya tsawatar wa 'yan caca in ba shi takwas. Abokina in za ka zo ka zo da wuri ka kama layi na uku ko na huɗu ɓangaren dama, nan fankar da ke aiki take kuma nan tela yake zama, ka taho da canjinka, kar ka sako farar riga.